Littafin girkina na kaka a Pune

Litinin, 16 ga Satumba 2024

Yau na fara bin tsarin cin abinci na lokacin da masu Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya, ke kira Sharad, wato watanni biyun da ke biyo bayan damina a nan Indiya, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ƙwarnafi ne ya kawo ni. Tun da ruwa ya kankama a Yuli ƙirjina ke zafi bayan abincin dare, in tashi da ɗacin baki, ga ƙuraje sun feso min a goshi. Omeprazole yana kwantar da shi, amma da na ajiye maganin sai ya dawo. Ni da nake karatun harhaɗa magunguna na san ba abin da mutum zai yi ta sha ba ne yadda ya ga dama.

Matar da nake haya a saman gidanta, wadda duk layin ke kira Kaku, ita ta kai ni wurin wata likitar Ayurveda, vaidya a bakinsu. Ta ɗora yatsu uku a jijiyar hannuna, ta duba harshena, sannan ta shiga tambaya: ƙarfe nawa nake cin abincin dare, ko ina barcin rana, yaya bayan gida. Kuɗin ganinta rupi 500.

Ga bayanin da ta yi min. A lissafinsu shekara kashi shida ce, kowane kashi wata biyu, jiki kuma abu uku ke tafiyar da shi: vata, pitta da kapha. Pitta shi ne ɓangaren zafi, narkar da abinci da ruwan matsarmama. A damina yana taruwa a jiki amma sanyin ruwa na danne shi. Da gajimare ya yaye, rana ta buɗe, sai ya tashi, daga nan zafin ciki, ƙuraje, jan ido da zazzaɓi. Maganar tana babi na 6 na kashin farko na Charaka Samhita, da babi na 3 na Ashtanga Hridaya na Vagbhata. Na aro su biyun daga ɗakin karatu don in riƙa dubawa da kaina.

Abin da za a ci: mai ɗanɗanon zaƙi, mai ɗaci da mai bauri, mara nauyi, kuma sai yunwa ta kama mutum sosai. Tsohuwar shinkafa, alkama, sha'ir, ƙananan waken nan kore da suke kira mung, man shanu kaɗan, madara, kayan lambu masu ɗaci, rumman, zabibi, da wani ɗan itace mai tsami da suke kira amla. Abin da za a bari: barkono, soye-soye, kitse, kindirmo, tsami, kifi, kanwa, barcin rana da yawo a tsakar rana. Na ce mata a gidanmu abinci ba yaji sai na majinyaci. Ta ce, "To ke mece ce yanzu?"

Ta kuma ce a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya a bar shi fili. Na ce wannan kam tun a Islamiyya aka karantar da mu, a hadisin da Tirmizi ya ruwaito. Aiki da shi ne dai ban taɓa yi ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Na je Mandai, babbar kasuwar kayan gwari da ke tsakiyar tsohon gari. Da gangan na bari sai yau, don jiya ake kai gumakan Ganesh ruwa, hanyoyin wajen a rufe suke.

Waken mung ɓararre kilo 1, rupi 130. Shinkafa kilo 2, rupi 140. Sai da na jaddada wa mai shagon tsohuwa nake so, wadda ta shekara, don a wurinsu sabuwar shinkafa nauyi gare ta a ciki. Man shanu rabin lita 330. Garin dawa kilo 1, 60. Rumman kilo 1, 160. Zabibi 90. Ƙwayar dhania, jira da badishep, kayan ƙamshin girki, 120. Kayan lambu 110. Tulun ƙasa 150. Jimla rupi 1,290.

Amla bai shigo ba tukuna, sai busasshe. Masu sayarwa sun ce in dawo bayan bikin Dasara.

Girkin farko khichdi ne: shinkafa kofi ɗaya, mung rabin kofi, ruwa kofi huɗu, ɗan kurkur da gishiri, a tukunyar matsi har ta yi fito uku. Sai a narka man shanu cokali ɗaya, a jefa jira ya yi ƙamshi, a zuba a kai. Yana fitowa da ruwa-ruwa. Ba laifi, amma harshena neman attaruhu yake yi a kowace loma.

Juma'a, 20 ga Satumba

Khichdi da rana, bhakri, wato gurasar dawa, da miyar mung da yamma. Na mayar da abincin dare bayan sallar Magariba maimakon ƙarfe goma da na saba tun zuwana garin nan.

Lahadi, 22 ga Satumba

Kaku ta ce na yi gaggawa, wai Sharad bai shigo ba. Ashe lissafin wata biyu ne ke aiki a ƙasar. Lokacin ya ƙunshi watannin Ashwin da Kartik. A arewacin Indiya wata yana ƙarewa ne ranar da ya cika, don haka a can Ashwin ya kama bayan cikar wata na 18 ga Satumba. A nan jihar Maharashtra kuwa sai ya ɓuya ake cewa ya ƙare, nasu Ashwin ɗin sai 3 ga Oktoba. Na buga wa vaidya. Ta ce in bar kalanda in dubi sama: ranar da ruwa ya ɗauke, rana ta fara cizo, lokacin ya zo.

Ta kuma hana ni yanke yaji lokaci guda. Vagbhata ya ce makon ƙarshe na lokacin da ke fita da makon farko na mai shigowa mahaɗa ce, ana sakin tsohon tsari a hankali, ana kama sabo a hankali. Saboda haka yajin da Umma ta aiko min zai koma rabin cokalin shayi da rana kawai, mako mai zuwa ya fita gaba ɗaya. Haka zan yi wa omeprazole, yau in sha gobe in tsallake, don idan aka datse shi farat ɗaya ruwan tsamin ciki yakan ƙaru na ɗan lokaci.

Alhamis, 26 ga Satumba

Jiya da yamma an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tituna suka cika, har aka soke ziyarar da Firaminista Modi zai kawo garin yau. Damina ba ta tafi ba ke nan, Kaku kuwa sai murmushi take min a matattakala. Tulun da na saya yana nan a kusurwa, ba ranar da zan shanya shi.

Na yi waya da Umma. Da na karanta mata jerin abin da aka hana ni, ta ce, "Ke da muka tura karatun maganin asibiti, kin koma bin masu sassaƙe?" Amma da na ambaci zafin da ke biyo bayan damina, ta ce ai mu ma mun san zafin kaka da zazzaɓinsa, kafin hunturu ya sauko.

Lahadi, 29 ga Satumba

Yau saura ƙiris a yi ɓarna. Na sayo dudhi, dogon duma ɗanye da suke miya da shi. Asalinsa ɗaya da duman da ake fafe ƙwarya da ludayi a gida, sai dai wannan irin ba shi da ɗaci, ana cinsa tun yana ɗanye. Yana cikin abin da vaidya ta fi yabawa a wannan lokaci. Kaku ta koya min in yanki ɗan ƙarami in ɗanɗana kafin in yanka sauran. Na ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda ɗaci ake nema. Na sauka na nuna wa Kaku, ta fizge shi daga hannuna ta jefa a shara.

Gaskiyarta. Ɗacin dudhi daga sinadarin cucurbitacin yake, guba ne mai sa amai, gudawa da zubar jini a hanji, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A 2010 wani mutum ya rasu a Delhi bayan ya sha ruwan dudhi mai ɗaci, har hukumar binciken lafiya ta ƙasar, ICMR, ta kafa kwamiti, ta fitar da gargaɗi cewa a ɗanɗana kafin a matse ruwansa, in da ɗaci a zubar. Duk wanda ya ji an ce ɗaci magani ne a wannan lokaci, to na karela ake nufi da ganyen darbejiya da makamantansu, ba kowane ɗaci ba.

Na koma kan karela, ɗan'uwan garafunin da muka sani. Ana yanka shi siri-siri, a barbaɗa gishiri, a bar shi ya yi ruwa, a matse, sannan a dafa da ɗan man shanu da ɓarin mazarƙwaila. Ƙawata ta ci loma ɗaya ta tashi ta dafa indomi.

Asarar dudhi rupi 30.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Navratri ya kama yau, darare tara, rabin layinmu na azumi irin nasu. Kaku ta ce hikimar azumin ita ce a sauƙaƙa wa ciki a daidai sauyin lokaci. Na yarda da maganar har sai da na ga abin da ake buɗe baki da shi: sabudana, ƙwayoyin sitacin rogo, an soya da dakakkiyar gyaɗa, dankali da ɗanyen barkono, wani kuma an cura shi an tsoma a tafasasshen mai, ga kwanon kindirmo a gefe. Kusan duk abin da littafin ya hana yana cikin faranti ɗaya. Na ɗauki laddu na rajgira, ƙwayar wani nau'in alayyafo da aka ɗaure da mazarƙwaila, da 'ya'yan itace.

Yaji ya fita gaba ɗaya tun Litinin. Omeprazole ma na daina. Akwai ɗan zafi da dare, amma ba ya hana barci.

Litinin, 7 ga Oktoba

Rana ta buɗe sosai. Zafin Oktoba da mutanen Pune ke ta faɗa ya iso. Na sayi lema don tafiya makaranta, rupi 250. Barcin rana ne ya fi ba ni wuya, musamman bayan Azahar.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Wata matsala ta ɓullo. Tun farkon makon nan jiri nake ji idan na daɗe tsaye a ɗakin gwaji, da La'asar kuma hannuna har rawa yake don yunwa. Na zauna na lissafa abin da nake ci: shinkafa, dawa, kayan lambu da mung kofi ɗaya a yini. Abinci mai gina jiki ya yi kaɗan ga wadda ta tashi da nama, ƙwai da wake.

Mutane da yawa suna ɗauka Ayurveda ya haramta nama. Charaka kuwa a wannan babin ya lissafa naman da ya dace da Sharad: salwa, makwarwa, barewa, zomo da rago, wato dabbobin busasshiyar ƙasa. Na ruwa da na fadama ya ce a bari. Barewa da zomon daji a yau dokar kare namun daji ta 1972 ta hana farautarsu a Indiya, don haka rago ko akuya suka rage min. Vaidya, wadda ita kanta ba ta cin nama, ta ce in yi romo mara kitse sau biyu a mako, da rana.

Na je Kondhwa wurin mahautan Musulmi, rabin kilo na akuya rupi 370. Na yi farfesu ba attaruhu, ba masoro, sai dhania, badishep, albasa da ɗan yankin citta. Na tsame kitsen da ya taso. Gaskiya ba farfesun gida ba ne, amma jirin ya ragu a ranar. Na kuma ƙara madara kofi ɗaya da safe, da dabino da zabibin da aka jiƙa don La'asar.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Aikin tulu. Littattafan biyu sun yabi wani ruwa da suke kira hamsodaka: ruwan da rana ta gasa da yini, wata ya sanyaya da dare, a lokacin da tauraron Agastya ya fito, wanda suka ce fitowarsa ke tsarkake ruwa bayan gurɓatar damina. Agastya shi ne Suhailu na Larabawa, na biyu a haske cikin taurarin dare. Su ma Larabawa da fitowarsa suke gane zafi ya fara karyewa. Ni dai abin da na fahimta, mutanen da suka rubuta wannan daga tafki da kogi suke sha, kuma daidai wannan lokaci ne laka ke kwanciya ruwa ya washe.

Ranar Juma'a na cika tulun da ruwan da na tafasa, na jefa saiwar vala, wato jema, na ɗaure bakin da farin ƙyalle na kai saman bene. Tulun ƙasa ba ya barin hasken rana ya ratsa, don haka ba ya kashe ƙwayar cuta yadda gorar roba mai haske ke yi idan ta yini a rana. Tafasawar ce kariyata.

Jiya da safe na tarar iska ta kwance ƙyallen, tantabaru sun yi abin da suka saba a bakin tulun. Na zubar, na wanke, na sake tafasa wani. Ana cikin haka ɗan Kaku ya hau, ya ce ba zai yiwu a ajiye ruwa a buɗe a saman gida ba, ana fama da zazzaɓin dengue da chikungunya a garin, ma'aikatan lafiya na zagayawa suna duba inda sauro ke ƙwai. Ba ni da ta cewa, don sauron dengue a ruwa mai tsabta yake hayayyafa. Muka daidaita a kan faifan ƙarfe da dutse a kai, kuma ruwan kada ya wuce yini da kwana. Kaku ta ce to ta ina hasken wata zai shiga? Ɗanta ya ce ta inda sauro zai shiga.

Ruwan yau da sanyi da ƙamshin jema, na sha na more. Faifai rupi 60, vala 40.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Daren jiya ne Kojagiri, cikar watan Ashwin, wanda a arewa suke kira Sharad Purnima. Mutanen gidan da maƙwabta suka hau bene da tabarmi. Ana dafa madara har ta ƙone kusan kashi ɗaya cikin uku, a sa sukari, za'afaran, elaichi, gyaɗar ƙamshi da dakakken almond da pistachio, sannan a ajiye tukunyar a fili har hoton wata ya faɗa ciki. A imaninsu Lakshmi, abar bautarsu ta arziki, tana zagayawa a daren tana duba wanda bai yi barci ba. Masu Ayurveda kuma suna cewa madara da sukari da sanyin dare maganin pitta ne, kuma Vagbhata ya yabi zaman farin wata a saman bene da farkon dare a wannan lokaci, da fararen tufafi da turaren sandal.

Tun da rana na roƙi Kaku ta ɗebar min nawa kafin a kai sauran wurin bautarsu. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Beta, na sani," ta zuba min a wani kwano daban ta rufe da rariya. Na kawo gudummawar madara lita 2, rupi 116.

Sai ƙarfe goma sha biyu aka sha. Daɗi ba a magana. Na kwanta wajen ɗaya, kafin ƙarfe uku ƙirjina ya kama wuta, na tashi na jingina da bango har Asuba. Madara mai kauri da gyaɗa-gyaɗa a tsakar dare, sannan a kwanta, ko wane suna aka ba ta hawowa za ta yi. Da safe na faɗa wa Kaku, ta ce ai shi ya sa ake kwana a farke.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na hau bene kafin sallar Asuba. Suhailu yana can kudu, ƙasa-ƙasa, saman rufin gidaje. Amla ɗanye ya shigo kasuwa, kilo rupi 80. Tsami da bauri, amma in aka sha ruwa a kai sai baki ya yi zaƙi. Shi da rumman ne tsamin da aka yafe min.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na koma wurin vaidya, rupi 300. Ƙurajen goshi sun bushe, ɗacin baki ya tafi, zafin ƙirji sai jefi-jefi. Ta ce yanzu lokacin mataki na gaba ne. A littafi abu uku ake yi a Sharad bayan gyaran abinci: shan man shanun da aka dafa da itatuwa masu ɗaci, wankin ciki da suke kira virechana, da fitar da jini, wani lokaci da matsattsaku. Virechana ba shan maganin gudawa ba ne kawai. Ana fara shan man shanu da sassafe, kullum ana ƙara yawansa, kwana uku zuwa bakwai, sai shafa mai da turara jiki, sannan ranar wankin, daga nan a dawo da abinci daki-daki, daga ruwan shinkafa zuwa kunu zuwa romon mung. Kusan mako biyu, kuɗi wajen rupi 8,000. Ina da jarrabawa a gaba, kuɗin ma babu, kuma ban ga dalilin wanke cikin da ya fara lafawa ba. Na ce a'a.

Ta rubuta min magani biyu. Na farko na ruwa ne, sunansa ya ƙare da arishta. Duk maganin da sunansa ya ƙare da arishta ko asava tsimi ne da aka bari ya yi makonni a rufe, akwai barasa a cikinsa. Na ce addinina bai bar ni ba. Na biyu ƙwaya ce, na karanta kwalin na ga akwai bhasma, tokar ƙarfe ko ma'adini. A nan karatuna ya motsa. A 2004 mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta buga binciken da aka yi kan magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shagunan Boston, aka samu dalma, zaiba ko arsenic a cikin 14. Masu yin bhasma suna cewa tsarkakewar da suke yi tana cire gubar, ni kuwa ba ni da hanyar tantance kwalbar da ke hannuna. Ma'aikatar AYUSH da gwamnati ta kafa a 2014 ce ke kula da fannin, kuma ana buga lambar lasisi a kwali, amma lasisi ba sakamakon gwaji ba ne.

Ba ta yi musu ba. Ta soke su biyun, ta ce in jiƙa dakakkiyar dhania cokali ɗaya a kofin ruwa da dare, in tace in sha da safe da ɗan sukari, in kuma ci amla ɗaya kullum. Wannan na karɓa. Ta ƙara gargaɗi biyu: kada in dafa zuma ko in zuba ta a abu mai zafi, kada in haɗa madara da 'ya'yan itace masu tsami.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Babu sabon abu. Na iya buga bhakri da tafin hannu ba ta tsage ba. Sha'ir ne na kasa sabawa da shi, sai dai in tafasa in sha ruwan.

Talata, 29 ga Oktoba

Yau Dhanteras, ranar Dhanvantari da suke ɗauka uban magani, kuma ita gwamnati ta ware a matsayin ranar Ayurveda daga 2016 zuwa 2024. An yi taro a makaranta, an raba shayin ganye. Daga kicin ɗin Kaku kuwa ƙamshin mai ke tasowa tun Asabar.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Diwali, babban bikinsu na fitilu, ta rushe min tsari. A nan al'ada ce kowane gida ya yi faral, kayan maƙulashe, ya aika wa maƙwabta: chakli, chivda, shankarpali, karanji, laddu, kusan duka soyayyu, chakli da chivda kuma da barkono. Faranti huɗu suka shigo ɗakinmu. Na Kaku da hannunta ta kawo, ta zauna sai ta ga na ci. Matar da ta yi wata guda tana min wa'azin pitta, ita ce ta yi mako a gaban kasko. Na ce, "Kaku, vaidya fa?" Ta ce vaidya ma yau chakli take ci.

Na ci ranar Alhamis, na ci jiya. Abincin dare ya koma sha ɗaya saboda ziyarce-ziyarce, ga hayaƙin tartsatsin wuta da suke harbawa har tsakar dare. Zafin ya dawo kamar na Agusta, har maƙogwaro, sabbin ƙuraje biyu a haɓa. Ban koma wa omeprazole ba, don ina so a gwada ni ko ina da H. pylori, ƙwayar cutar da ke sa gyambon ciki, gwajin kuma yana buƙatar mutum ya yi aƙalla mako biyu ba ya shan irin wannan magani. Na sha maganin ruwa mai kashe tsami, rupi 140. Sauran faral ɗin na kai wa 'yan ajinmu.

Yau ruwan shinkafa da romon mung kawai.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sakamako ya fito, babu H. pylori. Ganin likitan asibiti da gwaji rupi 1,900. Ya ce tsamin ciki ne ke hawowa. Shawararsa: a rage barkono da soye-soye, kada a cika ciki, a bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga kan gado. Na yi dariya, don ban da maganar gado duk abin da nake yi ke nan tun Satumba.

Wannan ne ya sa ba zan ce na tabbatar da maganar pitta ba. Na sauya abu uku a tare, yaji, mai da lokacin cin dare, kuma kowanne shi kaɗai yana iya kawo sauƙin da na samu. Darare biyun da ciwon ya tashi sosai, duka na ci abu mai maiƙo ne a makare. Abin da na yarda da shi a tsarin, masu shi sun lura da ƙasarsu da kyau. Abin da suka ce a ci shi ke cika kasuwa a daidai lokacin, cututtukan da suka ce suna tasowa su ake gani a layin asibiti. Har karin magana gare su cewa Sharad uwar masu magani ce, don a lokacin suke samun ciniki.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Sanyi ya fara sauka da asuba, yunwata kuma ta ƙaru. Tun 5 ga wata ban ji zafin ƙirji ba.

Lissafin kuɗi daga 16 ga Satumba: vaidya 800, asibiti da magani 2,040, tulu, faifai, vala da lema 500. Cefane yana kamawa wajen rupi 1,100 a mako, ƙasa da abin da nake kashewa da, tunda na daina sayen abincin waje. Man shanu da rumman ne suka fi cin kuɗi.

A lissafin Maharashtra yanzu muke shiga kwana takwas na ƙarshen Kartik. Su da takwas na farkon watan da ke biye, littafin Sharangadhara ya ce a rage ci a cikinsu. Zan bi, ko da yake cikina ba ya so.

Bayan nan sai Hemanta, lokacin sanyi, inda suka ce wutar ciki na da ƙarfi, ana buɗe ƙofa ga mai, nama, madara, rake da sabuwar shinkafa. Gero, bajra a nan, wanda suke ɗauka mai zafi ne, yanzu ake fara cinsa da riɗi. Na riga na saya kilo 2, rupi 90, zan yi kunu, in na samu hali har fura. Amla kilo 2 kuma yana jiƙe, gobe zan dafa shi da sukari in adana a kwalba.

Abubuwan da aka hana ni zan dawo da su ɗaya bayan ɗaya, mako guda tsakani, don in gane wanne ne ba ya shiri da ni. Kindirmo ne farko, rabin kofi, da rana kawai, tunda Charaka ya hana shi da dare a kowane lokaci. Sai kifi, sai miyar kuka da kanwarta. Yajin Umma ne na ƙarshe, kwatan cokali a abincin rana. Abincin dare zai zauna a bayan Magariba, kuma na yi magana da kafinta zai yanko min katako biyu na ɗaga kan gado, ya ce rupi 200.